Kujerar da Na Zana wa Surukina

Shekara bakwai ina auren 'yarsa, amma da za a jera mini dattawan Fagge a ce in nuna surukina, ƙasa zan duba. Ƙafafunsa na sani: farcen babban yatsan dama da ya tsage bai sake haɗewa ba, da kaushin dunduniya, da takalmin fatar nan mai ruwan ƙasa da yake ajiyewa a bakin tabarma. Fuskarsa kuwa a hoton fasfo na fi saninta, wanda matata ta maƙala a jikin madubi. Ba gaba muke yi ba, surukuta ce. Idan na je gaishe shi nakan tuɓe takalmi tun daga soro, in durƙusa can nesa, in zuba wa ƙasa ido.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai, Malam. Ya makaranta?"

Shi yana kallon bango, ni ina kallon siminti, mu jera gaisuwa har ta ƙare, in tashi in fita. Iyakar hirarmu ke nan, kuma kowa a unguwar yana cewa Alhaji ya yi dacen suruki mai kunya. Ni ma ina jin daɗin a faɗa.

Yadi yake sayarwa a kasuwar Kantin Kwari. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa yana ɗinki ko da ba salla, manyan motoci suna sauke diloli har kan hanya, babu inda mutum zai sa ƙafa. Wata rana ana sauke kaya a ƙofar shagonsa igiya ta kwance, dila ta gangaro ta same shi a ƙugu. Ya yi wata biyu a asibiti. Ƙashi ya haɗe, sai dai ya haɗe yadda ya ga dama. Idan aka tsayar da shi yana iya takawa da sanda, daga ɗaki zuwa banɗaki, har zuwa masallacin ƙofar gida. Tashin ne ya gagara. Tsakanin zama da tsayuwa akwai wata 'yar tafiya da kowa ke yi kullum bai ma san ya yi ba. Ita ce ta fi ƙarfinsa.

'Ya'yansa duk mata ne, matata ce ta fari. Surukata Hajiya ba ta da ƙarfin ɗaga namiji. Saboda haka duk sanda buƙata ta taso sai an aika kasuwa a kira ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa, shi kuma ya nemo wani maƙwabci, su kama hammata ɗaiɗai su cicciɓe shi. Wannan mutum ne da bai taɓa cewa a miƙo masa buta ba. Da farko ya daina fita dakali, don kada abokan hira su ga ana ɗaga shi kamar buhun gero. Daga nan ya koma salla a ɗaki.

Wata la'asar a tsakiyar bazara matata ta dawo daga gidansu, ta zauna ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, Baba ya daina shan ruwa."

"Likita ne ya hana?"

"Shi ya hana kansa. Inna ta ce kurɓa ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Wai don kada a riƙa taso Baffa daga shago."

Wanda ya san bazarar Kano ya san abin da wannan ke nufi.

Lokacin ina koyar da zanen injiniya a wata makarantar koyon sana'a. Na yi kwas na wata tara a Ingila, kuma ban taɓa barin kowa ya manta ba. Na dawo da akwatin kamfas, da lafazin da ɗalibai ke kwaikwaya a bayan idona, da wani ƙaton littafi mai koren bango a kan yadda gaɓoɓin inji ke motsi. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne kujera mai tashi da mutum. Mazaunin ba zai kafe a kan ƙafafu huɗu ba. Zai hau kan sandunan ƙarfe biyu a kowane gefe, ta gaba gajera, ta baya doguwa, kowacce tana juyawa a kan noti. Idan mai zama ya ja liba, wato ƙarfen hannu da ke gefe, sifirin da ke ƙarƙashi ya taya shi, mazaunin ya ɗago, ya matso gaba, ya ɗan karkata, yana bin hanyar da ƙugun mutum ke bi in zai miƙe. Duk sirrin yana cikin wannan hanyar. Ƙugu ba ya tashi a miƙe kamar guga daga rijiya. Baka yake yi, kuma tsakiyar bakan ita ce gwiwa. In ka san inda gwiwa take, ka san nisanta da ƙugu, ka gama rabin aiki. In ba ka sani ba, majajjawa ka ƙera.

Na kai zanen farko Sabon Gari wurin wani dattijo mai walda, Bayarabe, haifaffen nan, wanda Hausarsa ta fi tawa kaifi. Shi ke yi wa makarantarmu gyaran bencina. Ya goge hannu a jikin wando, ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce za ta yiwu.

"Amma abu uku za ka kawo mini, Tica. Daga ƙasa zuwa gwiwa. Daga gwiwa zuwa ƙugu. Sai nauyinsa. Waye mai ita?"

"Surukina."

Ya ɗago gilashin waldarsa ya dube ni. "Kai Bahaushe ne fa. Wa zai auno maka?"

Na ce kada ya damu.

A hanya na fara lissafin masu awo. Ni dai babu ni. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ta yaya zan ɗora masa tef a cinya? Matata 'yar fari ce, tsakaninta da mahaifinta kunyar ta ninka tawa, ko sunanta ba ya kira. Hajiya kuwa, na yi ta juya jimlar a baki, "Inna, a taimaka a auno mini cinyar Baba," na ga gara in bar garin. Saura Baffa, wanda hannunsa ke jikinsa kullum. Na same shi a shago yana warware shadda, na yi masa bayani. Ya ajiye almakashi.

"Haba Malam, da iliminka. Marar lafiya yana kwance, in shiga masa da abin awo? Ai cewa zai yi kabari nake auna masa. Wa'iyazu billahi."

"To yaya za a yi, Baffa?"

"Je ka wurin telansa mana. Shekara talatin yana masa ɗinki. Ya fi shi sanin jikinsa."

Na ji wannan magana ta yi mini daɗi, domin ta kuɓutar da kowa.

Telan tsoho ne, yana da shago a wani lungu cikin Fagge, kekensa ya girme ni. Ba ya rubuta awo, duk a ka yake.

"Wandon Alhaji? Inci arba'in da huɗu."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga sama zuwa ƙasa mana, Malam. Da can daga ina ake farawa a makarantarku?"

"Gwiwarsa fa, a ina take faɗawa?"

"Ni ban taɓa ɗinka wa gwiwa komai ba. Tana ciki dai."

"Nauyinsa fa, a ganinka?"

"Alhaji ai mutum ne mai jiki. Rigarsa ba ta yi wa kowa kaɗan."

Bai gaya mini cewa Alhaji a saman cibiya yake ɗaure zariya ba, ni ma ban tambaya ba. Bai ce a cikin arba'in da huɗun nan akwai ninkin ƙubaka da kalmasar ƙafa da ɗan abin da yake ƙarawa saboda wanki ba. Me zai sa ya faɗa? Ba wanda ya taɓa zuwa masa da tambayar wando don ya ƙera kujera. Inda telan ya tsaya, littafina mai koren bango ya karɓa. Akwai shafi a ƙarshensa da ya raba ƙafar mutum, kaza na ƙwauri, kaza na cinya. Na raba arba'in da huɗu yadda ya ce. Ban tsaya na tambayi kaina ƙafar wane ne aka auna aka rubuta shafin ba.

Daga nan aiki ya koma kan allon zane. Na tara kwalayen sabulu na yanka sanduna, na huda bakin kowacce, na haɗa su da 'yan ƙusoshin takarda masu buɗe ƙafa. Na yanka mutum ma: ƙwauri, cinya, gangar jiki, kai, kowace gaɓa tana lanƙwasa. Na shimfiɗa farar takarda, na kafe gaɓoɓin ƙasa da fil, na raba tafiyar liba gida goma sha biyu. A kowane gida in tsaya, in soka bakin fensir ta ramin da ke daidai ƙugu, in ɗiga. In na kai ƙarshe in haɗa ɗigogin su ba ni baka. Idan bakan kujera bai hau kan bakan mutum ba, in rage tsawon sanda ɗaya da ɗan kaɗan, in yanka sabuwa, in koma gida na farko. Haka nake yi kullum daga dawowa makaranta har a kira magariba. Matata ta ce ɗakinmu ya koma shagon baduku. Wata rana ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce, "Ka sa masa hula mana. Baba ba ya zama kai ba hula." Na yanka masa hula.

Bayan na yi ritaya wani tsohon ɗalibina ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya nuna mini yadda suke yin wannan aikin yanzu. Ka zana sandunan, ka gaya mata wace gaɓa ce a kafe, wacce ke juyawa, wacce ke zamewa. Ka danna, abin ya motsa a gabanka, ya zana hanyar da kowane ɗigo ya bi, inda ƙarfe zai daki ƙarfe ya yi ja. Abin da ya ci mini mako uku ta gama shi kafin shayina ya huce. Na ce masa, idan ka ba ta awon da ba daidai ba fa? Ya ce, "Za ta motsa maka shi lafiya lau, Malam." Na ce to, ashe ba ta fi kwali ba.

A mako na uku bakan biyu suka hau kan juna. Na ja libar kwali, mutumin kwali ya miƙe tsaf, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Na kira matata ta gani. Ta sa hannu ta ja da kanta, sau uku, sannan ta juya ta shiga kicin, na ji tana jan hanci.

Mai walda ya karɓi zanen, ya karɓi kwalin, ya ɗaga shi sama.

"Wannan ɗan tsanan fa?"

"Shi ne surukin nawa."

"Dogo ne, masha Allah. Ka auna shi?"

"Na samo awonsa."

"Ban ce ka samo ba, Tica. Ka auna?"

Na ce awon daga majiya mai ƙarfi yake.

Ya yi dariya. "Mu a wurinmu in ka ga suruki, rub da ciki kake yi a ƙasa, ko farar riga ce a jikinka. Amma in ka tashi, ka gan shi ya gan ka. Ku durƙuson rabi, kallon ko rabi babu." Ya ƙara juya kwalin. "To, kai ne mai takarda."

Ya ƙera ta cikin kwana goma, da bututun ƙarfe da sifirin da ya ciro daga wata tsohuwar mota. Aka yi mata katifa da koren leda. Na zauna na ja liba, ta tsayar da ni a hankali kamar mai taimakon tsoho. Ni dogo ne, kuma lokacin ina da jiki. Na gwada ta sau ashirin, sau ashirin tana gaya mini abin da nake son ji.

Ranar Asabar da hantsi aka kai ta Fagge a kura. Na nuna wa Baffa yadda ake jan liba, shi da maƙwabcin suka shiga da ita. Ni na tsaya a soro. Ba ya yiwuwa in tsaya a kan surukina ana ɗaga shi ana ajiyewa. Ɗakinsa yana daf da soron, ina jin komai. Na ji ƙarar ƙafar ƙarfe a siminti. Na ji Baffa yana cewa, "Bisimilla, Yaya." Na ji muryar Alhaji, "Wannan ai gadon sarauta ne, ƙafata ko ƙasa ba ta kai." Baffa ya ce, "Haka abin Turawa yake. Ja nan."

Wannan maganar ta ƙafa ta shiga kunnena, ta ɗan ɗauki lokaci kafin ta isa inda ilimina yake. Na miƙe. Na kai bakin ƙofar soro, na tsaya, domin ban taɓa wuce nan ba sai an yi mini iso. Ina tsaye ina shawarar ko in yi sallama, sai na ji sifirin ya saki.

Ba a hankali ya saki ba. Na ji ƙarar abu ya faɗi, na ji salatin Hajiya, sannan hularsa ta gangaro ta ƙofar ɗakin ta tsaya a tsakar gida. Kujerar ta tura shi gaba tun ƙafarsa ba ta kama ƙasa ba, ta kifa shi a kan fuskarsa, a gaban matarsa da ƙanensa da maƙwabci. Leɓensa ya fashe, haƙori ɗaya ya tafi. Ko a lokacin ban shiga ba. Na ɗauki takalmina na fita.

Kwana uku ban bi ta layin ba. A rana ta huɗu Baffa ya same ni a ƙofar makaranta ya ce, "Yaya yana kira."

Na sami Alhaji zaune a bakin gado, ba babbar riga, daga shi sai 'yar shara da wando. Ya sallami Hajiya. Na durƙusa a inda na saba.

"Matso."

Na matsa kamar taki ɗaya.

"Malam, ni ba kura ba ne. Matso nan."

Na matsa har gwiwata ta taɓa ƙafar gado. Maganarsa tana fita a karkace saboda kumburin leɓe.

"Da me ka auna ni?"

"Wurin tela na karɓo, Baba."

Ya fara dariya, leɓen ya hana shi. "Wannan da ke ɗinka wando kamar za a zuba gero a ciki?" Ya numfasa. "Shekara arba'in ina yankan yadi. Ban taɓa sa almakashi a kan 'an ce' ba. Ko mai saye ya rantse mini yadi biyar ne, sai na ɗora a kan sanda. Kai da aka kai har Ingila."

"Na yi kuskure, Baba. A gafarce ni."

"Ba wannan na kira ka ba. Abin nan ya ɗaga ni. Jefar da ni ya yi, amma ya ɗaga ni, ba hannun kowa a hammatata. Zai gyaru?"

"Zai gyaru."

"Kana da abin awon a jikinka?"

Kullum yana aljihuna.

"To bisimilla. Auna, ba na kabari ba ne tukuna."

Na zaro tef ɗin na fara awo. Sai a ranar na ga abin da babbar riga ta ɓoye mini shekara bakwai, da abin da ciwo ya ƙara a kai. Gajeren mutum ne, tsawon nasa duk a gangar jiki yake. Gwiwarsa ta fito kamar goruba. Cinyar da na zana wa katifa mai faɗi, da yatsuna zan iya zagaye ta. Fatar ta bushe, inda tef ya danna sai ya bar shaida. Na riƙa faɗin lambobin da ƙarfi, sabon aji, shi kuma yana maimaitawa kamar yadda suke yi a kasuwa. Daga ƙasa zuwa gwiwa na yi kuskuren inci huɗu. Inci huɗu a zanen injiniya ba kuskure ba ne, wani mutum ne daban.

"Saura me?"

"Nauyi, Baba. Amma babu sikeli."

"Kana da hannu."

Na sa hannuwana ƙarƙashin hammatarsa, na tattaro ƙarfin da zan ɗaga mutumin da tela ya kwatanta. Saura kaɗan mu faɗi ta baya. Ni kaɗai na tsayar da shi, babu nishi. Ban san cewa mutum yana iya raguwa haka yana kuma amsa gaisuwa da "lafiya lau" ba. Da na zaunar da shi, na tattara abin da ya rage mini na ƙarfin hali.

"Baba, ruwan nan dai..."

"Gyara kujerarka, Malam. Ruwa yana randa, ba ya gudu."

Mai walda bai ce ai na faɗa maka ba. Ya karanta sababbin lambobin, ya ce, "Allahu akbar. Wannan ai awon tsuntsu ne." Masu sabon kuɗi suna layi a ƙofarsa a yi musu get da ƙarafan taga, ya ture aikinsu gefe. Duk da haka sai da na koma gida na farko, na yanka sabon mutum, na sake ɗigogin nan goma sha biyu har bakan ya hau. Ba na son sake gaggawa, ga shi kuma kowace rana da na ƙara rana ce ta ƙishirwa. Aka yi kwana huɗu ba wuta a layin su mai walda. Sifirin mai laushi sai da muka zagaye 'yan gwangwan masu tsofaffin ƙarafa kafin muka samu. Kwana ashirin abin ya ci.

A cikin kwanakin nan zazzaɓi ya kama Alhaji, fitsari ya ƙi fita, ƙafafu suka kumbura. Aka kwantar da shi asibiti mako guda ana ƙara masa ruwa ta jijiya, ruwan da ya ƙi sha ta baki. Likita ya ce ƙoda ta taɓu. Ya dawo gida bayan ruwan farko na damina ya sauka.

Da aka shigar da kujerar karo na biyu na juya zan koma soro, ya ce, "Tsaya a ciki, Malam. Mai abu ba ya laɓewa." Ni na zaunar da shi. Tafin ƙafarsa ya kwanta a ƙasa daram, gwiwa ta faɗa daidai inda na ɗiga mata. Na kai hannu zan taya shi jan liba, ya buge hannun. Ya ja da kansa. Mazaunin ya ɗago a hankali, ya matso, ya karkata, gida bayan gida kamar yadda takarda ta ce. Ya tsaya a kan ƙafafunsa, ba kowa a jikinsa. Hajiya ta rufe baki da mayafi. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sannan gwiwoyin suka lanƙwashe. Wannan karon ina kusa, na tare shi a ƙirjina. Ƙafafun da wata biyu da suka wuce suke kai shi masallaci, yanzu ba sa riƙe shi tsawon fatiha.

"Kujera ta yi," ya ce a kunnena. "Ni ne ban yi ba."

Muka sake gwadawa washegari, da jibi. Kullum tana tsayar da shi daidai, kullum yana zubewa. A rana ta uku ya ce a matsar da ita kusurwa. Ya dubi Baffa ya ce, "Kai koma shagonka, kada a kwashe mana kaya. Malam ya iya, kuma shi kaɗai ya isa."

Haka na zama mai ɗaga surukina. Daga gidanmu a Rijiyar Lemo nakan hau babur in biyo kafin makaranta, in dawo lokacin hutun tara, in sake zuwa bayan azahar, sannan kafin magariba. In cicciɓe shi in kai shi banɗaki, in juya baya, in dawo da shi. Ya haddace jadawalina fiye da shugaban makaranta. "Yau Talata, kana da aji biyu a jere," sai ya jinkirta shan ruwa zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Amma yana sha. Hajiya ta koma cika masa kofin silba, yana shanyewa yana neman ƙari. Ƙodar dai ba ta dawo ba.

Unguwa ta yi magana, ba ta fasa ba. Wata tsohuwa ta ce wa matata zamani ya lalace, suruki har ɗakin suruki, har banɗaki. Zan so in ce abin bai dame ni ba. Ya dame ni. Nakan sunkuyar da kai in na zo wucewa ta dakalin abokansa, su ma su amsa sallamata a gajarce.

Ba mu zama abokan hira ba, kada a ɗauka haka. Yawancin maganarsa gyara ce. "Hannunka ya yi sama." "Kada ka ja, ɗaga." Sau ɗaya ya tambaye ni wai me nake koya wa yaran mutane. Na gyara zama na fara masa bayanin yadda ake gano hanyar da ɗigo ke bi a jikin gaɓa mai juyawa. Ban kai rabi ba na ji numfashinsa ya canja. Ɗalibaina ma haka suke yi, sai dai su ba su da uzurin ciwo.

Da damina ta yi nisa ya daina tsayuwa ko da an riƙe shi. Ɗagawa ta koma juyawa, daga wannan gefe zuwa wancan, da gyaran matashi. Hannuna yana gaya mini abin da likita bai faɗa ba, domin kowane mako abin da nake ɗauka yana raguwa. Wata Alhamis da yamma na gama gyara masa kwanciya zan fita, ya ce, "Gobe kada ka makara, Malam. Jiya ka makara." Na ce ruwa ne ya tare ni. Ya ce, "Ka fito kafin ruwan."

Na fito kafin ruwan. Wanda aka aika ya kawo mini labarin rasuwarsa ya bi ta titi, ni na biyo ta lungu, muka yi saɓani. Da na karyo kwanar layin na hango mutane a ƙofar gida, Baffa yana tsaye ba hula. Na kashe babur na sauka. Na daɗe a tsaye riƙe da shi, na rasa inda zan ajiye, domin inda na saba jingine shi an shimfiɗa tabarma.